Duman Da Mafafi Bai Fafe Ba

Shekara huɗu ke nan cif da ɓarayin daji suka kashe maigidana a gonarsa, gefen Gidan Goga. Ba zan kama sunansa ba, ban kama yana raye ba balle yanzu. Daga Maradun har Janbako, Mafafi ake ce masa. Ni ban yi boko ba. Autana Hamisu ke rubuta wannan, kuma na ce ya sa yadda na faɗa, tunda shi ya tsokano ni.

Abin da ya faru ke nan. Ranar da muka gudo Talata Mafara, mata na ɗaukar tukwane, ni duma guda na rungumo, daga nomansa na ƙarshe. Yana nan rataye a ɗakina, ba a buɗe shi ba. In ka girgiza, za ka ji iri na kaɗawa ciki. Wannan irin daga kakansa ya gado shi, kuma a duk danginmu babu sauran ƙwaya sai wadda ke cikin nan. Shekaranjiya sai ga Hamisu da zarton kafinta.

"Inna, kawo in yanka miki shi mu huta, ai roba ta cika kasuwa."

Na ce, "Yankawa? Rago ka gani? Ɗan Mafafi guda, bakinka bai san fafa ba?"

Wai duk ɗaya ne. To, ku saurara, ku da kuke karanta jarida. Ana yanka nama, ana sare itace, ana kwarfar ruwa a rijiyar da ta kusa ƙafewa. Duma kuwa fafe shi ake yi. Fafa ta haɗa tsagawa da kwashewa da kankarewa. Marigayi yakan bar duma ya bushe sarai, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ji muryarsa, ya zagaya shi da zare don baki ya daidaita, sannan wuƙa ta bi layi a hankali. Ya kwashe iri ya adana, ya kankare ciki, ya jiƙa har ɗaci ya fita. Yakan ce sunan daga kukan wuƙa ya fito, in tana kankarar cikin busasshen duma: fa, fa, fa. Malamai su yi ta musu, ni shekara arba'in ina jin kukan nan a zaurenmu.

Ana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ku karin magana kuka ɗauke ta, shi ƙa'idar aiki ce. Da aka fara watsewa daga ƙauye, na roƙe shi mu tafi. Ya ce duma da saura, ɗanye in an tsaga shi ruɓewa yake, a ba shi mako biyu. Kwana tara aka ba shi. Masu mulki sun aiko da ta'aziyya, har yau ba su aiko da wanda zai tsare hanyar gonar ba. Shin da marigayi ya leƙo yau me zai ce? Gonarsa ta zama saura, ba mai nomanta, Fulanin da ke sayen ƙwaryar nono wurinsa su ma sun watse, fura tana cikin roba tana warin rana, ɗansa kuma riƙe da zarto.

Fushina da Hamisu kaɗan ne, gudun hijira ya raba shi da zauren ubansa. Amma zartonsa ya tuna mini gaskiya guda: iri ba ya jiran mutum har abada. Na riƙe duman nan ina jiran ranar komawa gida, ranar ta ƙi zuwa, irin kuwa yana tsufa kamar ni.

Saboda haka na ciro wuƙar marigayi daga ƙasan adaka, na wasa ta. Mata ba su saba fafa ba, amma ido ya koya. Gobe da hantsi zan zagaya zare, Hamisu ya riƙe, ni in tsaga. Irin zai shiga ƙasa bayan ɗakin nan da ruwan farko.

Allah Ya jiƙan Mafafi. Kai kuma Hamisu, rubuta fafa. In na ji ka sa yanka, sai an sake takardar.