Yatsa Ɗaya Ya Tafi, Ƙafata Ta Tsira

Tun shekarar da aka fara sako ruwan madatsar Tiga cikin kanal ɗinmu, muna samari muna bin sa a guje muna ihu, ban taɓa shiga gona da takalmi ba.

Jama'a, ina gaisuwa! Baba Nomau ne na wajen Bunkure, ina nan da raina! Masu tambayar me ya sa labaran zamanin dā da nake ba ku suka ɗauke tun kaka, yau za ku ji. Ni nake faɗa, 'yata Rifkatu take rubutawa a wayarta, don ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Na ce kada ta gyara mini magana.

Da ƙishirwa abin ya fara. In sha ruwa, in sha, fitsari ba iyaka. Na ce zafi ne.

Sai tafin ƙafata ya koma kamar na wani. Mu manoman rani da ƙafa muke gane ƙasa ta ƙoshi da ruwa: ka taka, ka ji yadda ta karɓe ka. Ni kuwa in taka, shiru.

Ranar da kututturen masara ya huda ni ban ma ji ba. Matata Saratu ce ta ga jini a tabarma. Na yi abin da muka saba, na ɗiga baƙin man inji, na ɗaure da tsumma, na koma ban-ruwa.

Ta ce, "Baban Rifkatu, mu je asibiti."

Na ce, "Saboda tsinke?"

Ƙafa ta kumbura, ta fara wari. Zazzaɓi ya kayar da ni, sai farkawa na yi a cikin mota ana kai ni Kano.

Aka ɗebi jini. Ciwon suga. Likitar sa'ar Rifkatu ce, ta kwance tsumman ta ce, "Baba, wa ya sa maka baƙin mai?"

Na ce ni.

Ta ce, "To kai inji ne?"

Kowa ya yi dariya, ban da ita. Ta ce ƙaramin yatsan ya mutu, sai an cire. In kuma ciwon ya hau sama, ƙafar za ta bi shi, daga gwiwa.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Mutumin gadon kusa da ni zanensa a kwance yake a inda ya kamata ƙafa ta tokare shi.

Aka cire yatsan. Kullum da safe a huda yatsan hannu a auna suga, a yi allura, sannan wankin ciwo. Bijimin da nake kiwo don Kirsimeti, a kan magani ya tafi.

Abu ɗaya ne bai canza ba. Saratu ta koyi karatu a zumuntar matan coci, kuma tun muna da ƙarfinmu kowace safiya sai ta karanta mini Maganar Allah kafin in fita. A asibiti ma ba ta fasa ba. Ni kuma abin da ya shiga kunnena ya zauna ke nan, har fasto nakan tuna wa inda ya tsallake.

Da za a sallame ni likita ta kafa doka: ba ruwan kanal, ba tafiya ba takalmi, sai ciwon ya rufe.

Muka dawo gida, dashen tumatir na gona, ranar ruwanmu ta zo. Ruwan nan bi da bi ake ba mu, in naka ya wuce ka, dashe ya ƙone. Na sami leda na ɗaure ƙafar, na ɗauki fartanya.

Saratu ta gan ni. Ba ta hana ni ba, cewa ta yi, "Zauna mu yi na yau tukuna."

Ta fara labarin babban sojan nan mai kuturta, wanda annabi ya aika masa ya je ya yi wanka a kogi, ya fusata don abin ya yi masa ƙanƙanta. Na karɓe daga bakinta, na zubo shi tsaf, har inda bayinsa suka lallashe shi ya yi biyayya ya warke. Ina jin daɗin kaina.

Ta rufe Littafin ta ce, "Ka iya shi kam. Shi ƙaramin abu aka ce ya yi. Kai kuma zama kawai aka ce ka yi, ga ka nan da leda."

Na dubi ledar. Labarin ya daɗe a kaina, ashe bai taɓa sauka ƙafata ba.

Na kwance ta. Na aika a kira Malam Sale, maƙwabcin gonata, na roƙe shi ya ba dashena ruwa.

Ya ce, "Nomau, kai ne da roƙo? Tsaya in nemo shaidu!"

Ya gama tasa, ya shiga tawa. Ruwa ya ƙare kafin ya kai ƙarshe, gefe guda ya ƙone. Na zauna a gida ina jin zafinsa, amma na zauna.

Makon jiya likita ta kwance bandeji, ta danna, ta sake dannawa, ta ce, "Baba, ƙafarka taka ce."

Jama'a, na taka rawa a ɗakin nan! Da yatsu huɗu! Rifkatu tana rufe fuska, ni ina yabon Yesu da ƙarfi!

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan da ma'aikatanta, da 'yan ikilisiya masu kawo addu'a da abinci, da Malam Sale, wanda shi ma ya ce yana sa ni a tasa addu'ar. Saratu kuwa, ban san da wane baki zan gode mata ba.

'Yan'uwana manoma, in ƙishirwa ta yi yawa ku je a auna suga. Ku riƙa duba tafin ƙafarku da ido. Baƙin mai na inji ne. Mai karatu ya karanta Maganar Allah kullum, marar karatu ya nemi mai karanta masa, amma in ka ji, ka yi.

Rifkatu ta sayo mini takalmin ruwa, baƙi, har gwiwa. Gobe da safe Saratu za ta karanta, in sha magani, in zura shi in nufi gona, Malam Sale ya yi dariyarsa ya more. Ƙasar kuwa, durƙusawa zan yi in taɓa ta da hannu.