Darasin da Aka Sa Na Cire

A shekarata ta biyu ina koyarwa a wata kwalejin kuɗi a Setapak, can ƙasar Malayawa, aka ɗora mini darasin tarihin bauta da fafutukar neman 'yanci. Ajin haɗin gambiza ne, Malayawa da Sinawa da Indiyawa, sai 'yan Najeriya biyar a layin baya. Ni 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, amma da Hausa na tashi, da ita muke hira da 'yan Najeriyar idan an tashi. A cikinsu akwai wani Bakano mai kaifin basira, kullum shi ke fara ɗaga hannu.

Makonnin da muka yi kan Amurka lafiya lau muka yi su. 'Yan Najeriyar har suka kawo nasu labarin, yadda masu gidan haya a unguwar Taman Melati ke kashe waya da zarar sun ji daga ina mutum ya fito. Ajin ya kasa kunne, ni kuwa na ɗauka na iya koyarwa.

Da muka iso Afirka sai na ba su labarin da kakata ta ba ni. Mahara sun faɗa wa ƙauyenmu ana girbin acca, jama'a suka haye duwatsu, aka kama ƙanwar kakarta aka yi arewa da ita, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Na ce maharan ba Turawa ba ne, Hausa suke yi. Wani Basine ya tambaya cikin dariya ko ashe mu muka riƙa sayar da junanmu. Rabin ajin ya taya shi.

Bakanon ya tare ni a bakin bene, ko gaisuwa babu.

"Malama, kin kyauta ke nan? A ƙasar da ake ƙyamar zama kusa da mu a jirgin ƙasa, ki miƙa musu sandar dukanmu?"

Raina ya riga ya ɓaci da dariyar nan, sai na huce a kansa. Na ce, "Kakanninka ne suka saro sandar, ba ni ba."

Ban san kakanninsa ba. Wataƙila manoma ne, wataƙila su ma kamo su aka yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Dama abin da ke ranku ke nan." Ya wuce.

Kafin mako ya zagayo, shi da abokansa biyu sun kai ƙarata a rubuce, wai ina cin zarafin ƙabilarsu da addininsu. Shugabar sashe ta kira ni. Ba ta tambayi ko gaskiya na faɗa ba. Ta ce a nan ba a wasa da zancen ƙabila da addini, in tsaya a kan Amurka, can ai da nisa. Ta kuma tuna mini cewa takardar zamana a ƙasar da aikin take rataye. Na cire babin, ina jin haushin kaina fiye da nata.

Ragowar biyun 'yan Filato ne, suka goya mini baya. Daga nan biyar ɗin suka daina cin abinci tare a shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi, teburi biyu suke kamawa. Ba zan ɓoye ba, da farko hakan ya yi mini daɗi. Bakanon kuwa ya daina ɗaga hannu. In na yi masa Hausa, da Turanci yake amsawa, a taƙaice, kamar ma'aikacin banki. Ni ma na daina.

Ya ci jarrabawa da maki mafi yawa, na ba shi abinsa. Ranar yaye su mahaifinsa ya zo daga Kano, dattijo mai fara'a. Da ya ji ni 'yar gida ce, ya tsaya ya yi ta godiya, yana cewa Allah Ya saka da riƙon amana. Ɗan yana gefe yana latsa waya. Na ce amin, na yi musu fatan sauka lafiya, na nufi tashar jirgin ƙasa.