Makullin Mahauci

Mai Makulli ba ya zubar da makullin da ya lalace a hannunsa. Idan inji ya ci haƙori fiye da kima, sai ya busa shi, ya duba, ya zura shi a wata doguwar waya da ke rataye a ƙofar rumfarsa. Shekara talatin ina gyaran agogo a rumfar da ke jikin tasa, ina jin ƙarar wayar nan duk lokacin da iska ta kaɗa.

Ɗansa guda ne namiji, Auta. Wata shida na farko yaron ɓul-ɓul yake. Daga nan kunne ya fara ruwa, ƙirji ya kama, a warke wannan, wancan ya taso. Sai da ya shekara biyu wata likita ta auna jininsa, ta zaunar da uban ta yi masa bayani. Ya dawo rumfa bai kunna inji ba. Da na leƙa, ya nuna mini wayar.

"Maƙwabci, ashe jiki ma sana'ata yake yi," in ji shi. "A cikin ɓargo ake ƙera wasu ƙwayoyi, likita ta ce sunansu ƙwayoyin B. Kowacce da makullinta guda, babu mai irin na wata, kuma tun ba a ga kwaɗon ba ake yanka shi. Wanda ya dace da ƙofar jikin kansa, tun a can ake kawar da shi. Ranar da cuta ta shigo, ƙwayar da makullinta ya hau sai ta hayayyafa, ta yi ta zubo kwafi cikin jini. Wasu kuma su zauna suna tuna fuskar ɓarawon."

"To, Auta fa?"

"Nasa ana farawa, ba a gamawa. Makullan da ya samu daga uwarsa tun yana ciki ne suka riƙe shi wata shida."

Maganin shi ne aro. Duk mako huɗu ake yi wa Auta ƙarin ruwa, ruwan da aka tace daga jinin dubban mutane, da makullansu a ciki. Idan aka makara, tari ya dawo. Wata shekara ruwan ya yanke mako bakwai, yaron ya kwanta kwanciyar da har yau uwarsa ba ta son a tuna. Aka ce masu ba da jini ne suka yi ƙaranci.

Tun daga nan Mai Makulli ya sami aiki na biyu. Ka kawo kwaɗo, ka tafi da wa'azin ba da jini. Ya san jinin layinmu ba shi ne zai shiga jikin ɗansa kai tsaye ba. Cewa yake yi rijiya ce, kowa ya zuba, kowa ya ɗiba. Tela ya je. Direbobi uku suka je rana guda. Mai shayi ya je ya dawo yana cika baki kamar ya dawo daga yaƙi. Ni dai aka duba shekaruna aka ce in koma gida.

Mahauci ne kaɗai ya gagara. Ƙato ne, kullum hannunsa cikin jini, amma ko sunan allura aka ambata sai ya tuna ya bar wuƙa a waje.

"Kai da kake kayar da sa!" in ji Mai Makulli.

"Sa ba ya tsira mini ƙarfe a jijiya, Malam. Ka bar ni da abin da na iya."

"Uwar Auta ma ta bayar."

"Ai mata sun fi mu, na yarda. Sai me?"

Bara mahauci ya kawo makullin shagonsa a yi masa kwafi. Mai Makulli ya ɗaura sabon ƙarfe a inji, ya yanka haƙori uku cikin biyar, ya kashe injin. Ya miƙa masa na asalin.

"Ragowar fa?"

"Ka ga yadda na Auta suke ke nan. Gwada shi a ƙofa ka gani. Ranar da ka kawo mini hannu da auduga a manne, in ƙarasa."

Mahauci ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tafi. Akwai masu yanka makulli biyu a bayan layi. Bai kai musu ba.

Auta yanzu shekararsa ashirin da huɗu, yana koyarwa a wata makaranta, kuma ban san ya ƙara tsallake mako huɗun nan ba. Uban ne ya kwanta watan jiya, kwana tara. A rana ta takwas ya tambayi uwar Auta ko ran Laraba ne ƙarin ruwan. Ta ce ran Laraba ne. Ya ce a fita da wuri, layi yana tsawo. Washegari ya rasu.

Shekaranjiya Auta ya buɗe rumfar don ya share. Mahauci ya zo ya tsaya a ƙofa, ya tambaye shi ƙarfe nawa ake buɗe wurin ba da jinin. Auta ya faɗa masa. Ya gyaɗa kai, yana shafa gwiwar hannunsa.

Makullin mahaucin yana nan a bakin inji, haƙori uku.