Tikiti Biyu Ilyasu Ya Yanka

Shekara takwas ke nan da muka kai Ilyasu maƙabartar Baƙi'a. Taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, gida ɗaya muka tashi a nan Madina, jikokin wani tsoho da ya taho hajji da ƙafa daga ƙasar Kano bai koma ba. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama sai in ɗauki biro, sai kuma in ajiye, don na san in na buɗe baki ba yabo kaɗai zai fito ba. Bana na ce gara in faɗa in huta. Ina kewar Ilyasu, amma abin da ya fi cin raina kishi ne, kuma kishin wani dattijo nake yi, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutumin Chadi, sunansa Adamu. Akwai kwana goma sha takwas na rayuwar Ilyasu da ke hannunsa, ni ba ni da ko ɗaya daga ciki.

Ilyasu a ofishin sayar da tikitin jirgin sama yake aiki, amma ransa yana wajen jirgin ƙasa. Tun muna yara yake jan mu zuwa tsohuwar tashar Anbariyya, mu leƙa taragon da ya daina motsi tun kafin a haifi iyayenmu, yana ce mana daga nan ake tashi har Sham. Da ya girma sai ya zama duk wanda zai fita hutun zafi daga unguwarmu ta Jurf, in aljihunsa ba nauyi, wajen Ilyasu yake zuwa. Ya shimfiɗa takarda, ya ɗauko jan biro da shuɗi, ya zana maka hanya gari bayan gari, ƙasa bayan ƙasa. Yakan ce a yanki tikiti tun da saura wata uku, lokacin da yake da araha, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya fi son jirgi mai tsaye-tsaye a kan mai gudu. In tafiyar doguwa ce ya sa ka a tarago mai gado, kuɗin masauki ya zauna a aljihunka. Ba ya yarda tsakanin sauka da hawa ya gaza awa ɗaya, wai ya san mutanenmu: ga katan ɗin dabino, ga fulas ɗin shayi, ga hajiya da ba ta sauri, ga maigida da zai tsaya gaisawa da duk wanda ya yi masa sallama. Da jan biron nan yake nuna inda za a haɗa salla, da tashar da aka ce masa akwai ruwan alwala. Shi kansa kuwa, duk wannan ilmi, bai taɓa hawa jirgin ƙasa ba.

Ni aiki ya kai ni Yanbu, matatar mai, shekara ashirin da ɗoriya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina can Adamu ya zo gyaran na'urar ofishin su Ilyasu, ya ga taswira a bango, ya yi tambaya ɗaya, shi ke nan. Da na fara zuwa hutun ƙarshen mako sai in tarar da shi zaune a inda nake zama, yana zuba shayi kamar gidan ubansa. Mutumin kirki ne, ban taɓa kama shi da komai ba, wannan ma ya ƙara mini haushi.

Shekara biyu kafin rasuwarsa Ilyasu ya zana hanyar kansa. A sauka Istanbul da jirgin sama, daga nan sai dogo: Sofiya, Belgrade, Budapest, har Vienna. Wata Juma'a bayan la'asar ya ajiye takardar a gabana, Adamu na gefe.

"Ya Bashir, mu uku za mu yi. Gobe zan yanki tazkara, ka ba ni jawaz ɗinka." Tikiti da fasfo yake nufi, haka Hausarmu ta nan take.

Na dubi takardar, na dubi Adamu, na ga ashe shi ya riga ya san kowane layi a ciki. Na ce, "La, ku dai ku je. Ni ina da shugul, aiki ya yi mini yawa."

Wanda bai san mu ba zai ce ai na ƙi. Ban ƙi ba. A gidanmu ba a karɓar tayi da fari. Ko abinci ne sai ka ce ka ƙoshi, a sake, ka ce alhamdu lillahi, sai mai gida ya rantse ya kamo hannunka, sannan ka zauna. Haka muka ga iyayenmu na yi, haka maƙwabtanmu Larabawa suke yi, har sun fi mu rantsuwa. Ni kuma ranar ina so Adamu ya ga an lallashe ni, ya san wane ne ɗan gida. Na koma Yanbu ina jiran waya ta biyu da ta uku. Ilyasu kuwa a komai ɗan gargajiya ne, ban da maganar tikiti. Kujerun araha kaɗan ne, kuma da sunan mutum ake yanka su. Washegari ya yanki biyu.

Da na ji, na kira shi ina huci, na ce ko sau ɗaya bai sake tambayata ba. Ya yi dariyar nan tasa ta taubasai, ya ce, "Ya shehi, kwamfuta ba ta san kara ba. Har yanzu akwai kujera, sai dai ta yi tsada. In yanka?" Wannan ita ce dama ta biyu, na kuwa sake cewa a'a, don yanzu da zuciya nake magana. Girman kai rawanin tsiya. Ina kallo ya yi wata biyu yana zarya da takardun Adamu, daga wannan ofishin biza zuwa wancan, ga izinin fita da dawowa daga wajen kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar. Ni da fasfo ɗina na ɗan ƙasa ba ya buƙatar rabin wannan wahala, ina zaune a Yanbu ina cika ina batsewa.

Suka je suka yi kwana goma sha takwas suka dawo. Ilyasu ya kawo mini hula da alewar Turkiyya, ya buɗe waya zai nuna mini hotuna, na ce idona na ciwo. Duk lokacin da ya ce "ranar da muke Belgrade", sai in tuna ina da wani uzuri. Na ɗauka akwai lokaci, zan gama fushina in tambaye shi a nutse. Da ciwon zuciya ya zo masa, bai ba shi ko kwana uku ba.

Yau ga jirgin ƙasa a Madina, na gaske, mai gudu kamar iska, ka yi sallar azahar a nan ka yi la'asar a Makka. Ilyasu bai gan shi ba, ana cikin aikinsa ya tafi. Nakan tambayi kaina me zai ce. Na san zai shiga a makon farko, ya zauna jikin taga, sannan ya fito yana ƙorafin cewa ba a bari mutum ya ga komai. 'Ya'yana yanzu da waya suke tsara tafiya, kafin shayi ya huce sun jera ƙasa huɗu. Bara babbar 'yata da mijinta suka bi abin da wayar ta ce, minti tara tsakanin jirgi da jirgi, da yara uku da akwati biyar. A tasha suka yini. Da take ba ni labari da Larabci, ina ba ta amsa da Hausa, sai na ji bakina ya ce da Baba Ilyasu na nan da ba a yi haka ba.

Amma abin da ya fi mini ciwo a shekarun nan takwas shi ne zaman majalisa. Duk inda aka taru a Jurf, walima ko ta'aziyya, da an ambaci Ilyasu sai a juya wajen Adamu. Shi ne mai labarin tafiya. Ni da na yi shekara hamsin da Ilyasu, muka ci duka tare, muka yi aure wata ɗaya, sai in zama ɗan kallo. Da ya fara sai in tashi in ce zan sabunta alwala. Na san an ce hassada ga mai rabo taki ce, na kuma ga hakan da idona, don ni ina ramewa, labarinsa yana ƙara kyau.

Watan jiya na ji Adamu ya karɓi takardar fita ta ƙarshe, zai bar ƙasar. Gwiwa ta hana shi hawa tsani, kafilinsa ya rufe shago, zai koma garinsu Abeche wajen 'ya'yansa. Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Can sai na tuna kwana goma sha takwas ɗin nan tare da shi za su tafi. Ranar tashinsa na yanki tikiti biyu na jirgin ƙasa zuwa filin jirgin Jidda, na je na ɗauki jakarsa da kaina. Muna barin tasha na ce, "Malam Adamu, ba ni labarin tafiyarku. Tun daga farko."

Ya juyo ya kira ni da alkunyata. Ya ce, "Abu Usman, shekara goma ina jiran tambayar nan."

Ya fara daga Istanbul, ba ya tsallake komai, har kuɗin burodi da sunan mai duba tikiti. Ya ce ashe Ilyasu tsoron ramin dutse yake, duk sanda jirgi ya kutsa cikin duhu sai ya damƙe masa hannu yana karanta Ayatul Kursiyyu, da an fito ya saki kamar ba shi ba. Shekara hamsin ban san wannan ba. Na daure na tambaya ko ya ambace ni. Adamu ba ya ƙarya ko don ya faranta maka. Ya ce, "Sau ɗaya. Ya ce da Bashir na nan da tuni ya yi faɗa da kujerar nan." Na yi dariya, na juya wajen taga don kada ya ga idona. Aka yi sanarwar Jidda labari bai wuce Sofiya ba.

To me ya rage na Ilyasu? Takardunsa na jan biro suna gidajen mutane, wasu har yanzu da su suke tafiya. Akwai iyalai a Jurf da suka ga duniya da ɗan abin da suke da shi saboda shi, suna sa shi a addu'a. Ni nawa rabon yana Abeche, a bakin mutumin da na yi shekaru ba na son jin muryarsa. Duk Juma'a bayan la'asar ina kiransa, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kishin bai tafi ba, kowane labari mai daɗi sai na ji kamar ni ya kamata in kasance a kujerar. Makon jiya mun shiga Budapest. Muryarsa ta fara rauni, yana tari, ya ce ko ya gaggauta mu ƙarasa Vienna kafin ta Allah ta kasance. Na ce masa kada ya tsallake ko tasha ɗaya. Ranar da muka isa Vienna, ba sauran wani sabon abu da zan ƙara ji game da Ilyasu. Allah ya jiƙansa, ya kuma ƙara wa Adamu kwana.