Ƙwallona Mai Kwafi Uku

Kafin Yayata ta zo hutu daga Turai, babu wanda ban ba labarin aikinta ba a unguwarmu. Na ce a ƙarƙashin ƙasa take aiki, cikin wani rami mai zagaye wanda zai haɗiye Daura gaba ɗayanta, inda ake harba wasu abubuwa da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta su yi karo da juna. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai na ɗan ƙara gishiri. Na ce ita ke danna maɓallin harbin, kuma ranar da ta tashi da fushi ta danna da ƙarfi, sai wutar ƙasar ta ɗauke.

Ta iso da damina. Washegari na zauna kusa da ita a tsakar gida ina jiran abin mamaki. Ta buɗe kwamfuta, sai ga baƙin allo da fararen rubutu ƙanana kamar tururuwa sun hau layi. Babu hoto, babu walƙiya, babu ko ƙara.

Na ce, "Yaya, ina ƙwayoyin?"

"Ban taɓa ganinsu ba. Ba a ganinsu da ido."

"To ramin fa?"

"Na taɓa shiga, ranar da aka zagaya da sababbin ma'aikata."

"To me kike yi a can tun da safe har yamma?"

Ta yi mini bayani. Wai duk lokacin da ƙwayoyin suka yi karo, wasu manyan na'urori ne ke ɗaukar abin da ya faru, kuma bayanan suna da yawan da babu kwamfuta ɗaya a duniya da za ta iya riƙe su. Ita aikinta ta rubuta umarnin da zai kwashe bayanan ya rarraba su ƙasashe daban-daban, ta tabbatar ko ɗigo bai ɓace ba, kuma duk mai binciken da ya nema ya samu.

Na ce, "Wato dai mai gadin sito ce ke."

"Kusan haka," ta ce. Ko kunya ba ta ji ba.

Na ji kamar na haɗiye ƙuda. Duk karatun nan da ta yi, har idonta ya koma na gilashi, ashe gadi za ta je yi. Na tashi na bar mata tsakar gidan, domin a lokacin ina da babbar matsalar da ta fi ƙwayoyinta muhimmanci.

Ƙungiyar ƙwallon unguwarmu za ta je Mai'adua wasa. Kocinmu tela ne, kuma ya ɗinka sababbin riguna. Ya ce riga mai lamba tara ta wanda ya ci ƙwallo ce a wasan gwajin da za mu yi da 'yan wata unguwa. Ranar wasan shi kuma ya tafi Kongolam sayen yadi. An yi ruwa, fili ya zama kunu. Ana gab da tashi aka yi cakwakiya a bakin raga, kowa ya yi dumu-dumu da taɓo, ƙwallo ta shiga. Na tashi da gudu ina ihu ni na ci. Ɗan mahaucin unguwarmu, wani dogo mai ƙafa kamar taɓarya, shi ma ya tashi yana ihu shi ya ci. Da Koci ya dawo ya ce a kawo masa shaida, in ba haka ba dogon zai ba, tunda shi ya fi kama da mai cin ƙwallo.

Ina da shaida. Na ba wani abokina mai ciwon ƙafa wayata ya ɗauki wasan. Abin takaicin shi ne, a hanyar gida murna ta ɗebe ni na tsallake kwatamin bayan gidanmu da tsallen da ba a buƙata, wayar ta fice daga aljihu ta faɗa ciki. Ko kallon bidiyon ban yi ba.

Dole na koma wurin mai gadin sito.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kwafi nawa kake da shi?"

"Ɗaya mana. Bidiyo ɗaya, waya ɗaya."

"To ba ka da shi."

"Yaya, ina da shi! Yana cikin kwatami!"

"Abin da yake wuri ɗaya tak, a wurinmu ba a lissafa shi da akwai. Je ka tsamo ta, autan Inna."

Na ɗauka za ta danna wani abu a baƙin allon nan bidiyon ya taso ta iska. Ashe kimiyyarta ba ta wuce in naɗe hannun riga ba.

Kwatamin bayan gidanmu ya girme ni. Duk ruwan wanke-wanke da na wanka da na tukunyar miyar kuka da ta kwana, can suke haɗuwa su yi zumunci. Samansa kore ne, tsakiyarsa baƙi, ƙasansa kuwa Allah kaɗai ya san launinsa. Na fara da sanda, sanda ta fito da tsohon soso. Na zura hannu har gwiwar hannu, wani abu mai laushi ya gaishe ni. Na zura har kafaɗa. Na tsamo murfin buta, na tsamo takalmin wani yaro wanda na tabbata yanzu ya yi aure, na tsamo abin da har yau ba na so in san ko mene ne. Wari ya shiga hancina ya kama haya. Yaya tana tsaye daga nesa, ta rufe hanci da gefen mayafi, tana ba da umarni kamar mai tuƙa jirgi.

"Ka ɗan yi hagu."

"Yaya, ke kin san inda take ne?"

"A'a. Amma dama kam ka gama da ita."

Da na tsamo wayar, ta riga ta rasu. Inna ta hana ni shiga ɗaki sai da na yi wanka da sabulun wanki, duk da haka akuyarmu da ta shinshine ni sai ta koma can gefe ta kwanta. Yaya ta zare ɗan memorin da ke cikin wayar, ta goge shi, ta bar shi ya bushe, ta sa a kwamfuta. Ya buɗe.

"Kunna mu gani!"

Ta buge mini hannu. "Ba a buɗe abu kafin a kwafe shi. In ya lalace garin buɗewa fa?"

Nan na zauna ina warin sabulu da ragowar kwatami, ina kallon yadda ake ɓata wa mutum rai da ilimi. Ta yi kwafi a kwamfutarta. Ta sa kwamfutar ta fitar da wata doguwar lamba daga na asali, ta fitar da wata daga kwafin, ta gwada su, wai in sun zo ɗaya to ko ɗigo bai canja ba. Ta tura na biyu wata ma'ajiyarta a can Turai, muka jira sabis yana tafiya kamar tsohon jaki. Sannan ta ce saura na uku, kuma dole ya kasance a wani gari, a hannun wani mutum daban, ko da gobara ko ɓarawo.

"Wa muke da shi mai kwamfuta?" Ta ɗan yi tunani. "Yawwa, Kawu."

Kawu ƙanen Inna ne. Shagonsa yana bakin kasuwar Mai'adua, cajin waya yake yi da tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a memori. Da hankalina yana jikina da na yi magana. Amma ni a lokacin gani nake duniya za ta ga gwaninta, har cewa na yi ta gaya masa ya duba yadda ɗansa ke taka leda.

Sai da ya amsa cewa ya samu, sannan ta kunna.

Ga ni nan a bakin raga. Ga dogon ɗan mahauci ya ɗaga taɓaryarsa ya narka wa ƙwallo duka. Ƙwallon ba raga ta nufa ba, kusurwa ta nufa, kuma ni ne a hanya. Yaron da ke cikin bidiyon, wanda ya yi kama da ni ƙwarai, ya juya baya, ya rufe kai da hannu biyu, ya tsala ihu da wata siririyar murya: "Wayyo Inna!" Santsi ya kwashe shi, ƙwallo ta same shi a ɗuwawu, ta karkata ta shige raga. Wandon kuma ya yage, da sauti.

Na ce, "Goge shi."

Yaya ba ta ma ji ni ba. Ta matso da fuska jikin allo, idonta yana ƙyalli, karon farko da na ga aikinta ya sa ta farin ciki. Ta riƙa tafiyar da hoton kaɗan-kaɗan.

"Dubi nan. Ga hanyar ƙwallo kafin karo, waje za ta. Ga ta bayan karo, ta juya ciki. Ga kuma daidai inda ta canja hanya." Ta ɗora yatsa a jikin allo, daidai kan mazaunaina. "Kai ka ci, babu tantama. Masu bincikenmu sai su shekara ba su samu karo mai tsabta irin wannan ba."

"To yanke wurin ihun da wurin wandon."

"Zan iya yi maka yankakke, amma na asali ba a taɓa shi. Kuma in na cire wurin, me ya rage? Dogo ya buga, ƙwallo ta shiga. Ka ba shi rigar ke nan."

Na kwana biyu ina auna riga da mutunci. Ashe wahalar banza nake yi. Da na je shagon Koci da niyyar in ce masa na haƙura, na tarar ya tsayar da keken ɗinki, shi da masu jiran kaya sun haɗa kai a kan waya ɗaya, kuma daga cikin wayar wata siririyar murya tana kiran Inna. Wani ɗan acaɓa ne ya kawo daga Mai'adua. Koci ya share hawaye, ya miƙo mini lamba tara. Ya ce shaida ta tabbata, kuma wandon ma in kawo, zai ɗinke kyauta.

Na ari wayar Inna na kira Kawu.

"Kawu, don girman Allah ka goge."

"Ai ɗana, nawa na goge tun jiya. Sai dai duk wanda ya zo turi sai ya ce a haɗa masa da na Wayyo Inna. Jiya wasu fatake suka tsallaka da shi ta Kongolam."

Na gaya wa Yaya, ina jiran ta ba ni haƙuri. Ta ce gaskiya ba ta yi tunanin irin shagon ba, ita kwamfutar kawai ta tuna. Sannan, maimakon ta tsaya nan, ta ce, "Amma ka ga yanzu yana Nijar ma. Wannan kam ya fi ƙarfin ɓacewa."

Ranar wasan Mai'adua na shiga fili da lamba tara a bayana. Ina taka layi, 'yan kallo suka juya mini baya gaba ɗaya, suka rufe kai da hannu, suka kira Inna da murya ɗaya. Har tsofaffi. Golansu kuwa bai kalli ƙafata ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da na juya sai ya gyara tsayuwa.

Rigar tana nan a wurina, babu wanda ya isa ya karɓe. Yaya ta koma gadin sitonta. Kwanan baya ta kira Inna, ta ce a gaya mini ta duba kwafin da ke can, ta gwada doguwar lambar nan, yana nan lafiya lau, ko ɗigo bai canja ba.