Cinyar Kaza Saman Lilo

A Zugu anka haife ni, a Zugu anka yi mini aure, kuma can na koyi abin da yaran yanzu ke kira wahalar da kai, mu kuwa kunya muke ce mishi. Mace mai daraja ba ta cin abinci gaban surukinta. Ko goro ne bakinta, in ta ji sallamarsa sai ta tura shi cikin kunci ta bar shi nan har ya fita. Innata haka ta yi har ta koma ga Allah, ni ma da autata ta yi aure na ɗauki abin daga inda ta aje shi.

Mijin autar malamin makaranta ne a Gummi. Malam nake ce mishi, shi kuma ya ce Inna, idonsa na ƙasa. Da zama ya gagara a Zugu na dawo Gummi wurin ɗana, gida biyu ne tsakaninmu da nasu, kullum sai ya shigo gaisuwa. Duk da haka shekara goma sha ɗaya yana auren ɗiyata bai taɓa ganin haɓata na motsi da abinci ba. Matan unguwa sun san da wanga zance, don ni na gaya musu, kuma ba sau ɗaya ba.

To, bayan ƙaramar Salla da kwana uku sai auta ta shigo mini da murna, wai Malam ya aro motar abokinsa, zai kai iyali Sakkwato yawon buɗe ido, kuma ya ce ba a tafiya sai da ni. Na ce mi zan gani a Sakkwato wanda ban gani ba? Ta ce akwai wurin shaƙatawa mai ciyawa da lilo. Na ce ciyawa dai, wadda na ƙare ƙuruciyata ina cirewa a gona, ita za a ɗauke ni a mota in je in gaisar? Amma na shirya, don ba a ƙin gayyar suruki.

Kuskurena na farko tun gida na yi shi. Mota ba ta shiri da cikina; in na ci abu na shiga, kafin a fita gari na mayar da shi. Saboda haka ko ruwan koko ban kurɓa ba. Na ƙulla ƙuli-ƙuli da dabino a bakin zane, auta ta gani ta kwance ta aje.

"Haba Inna, birni za mu. Can za a ci mai kyau, kada ki kunyata mu da ƙulle-ƙulle."

Na bar mata. Munka tashi da hantsi, Malam na tuƙi, auta na gefensa da jinjiri, ni da jikokina mata biyu muna baya. Babbar shiru gare ta. Ƙaramar, 'yar shekara bakwai, bakinta ya riga ta girma.

Ana kiran azahar munka shiga gari. Bayan an yi salla Malam ya tsaya ƙofar wani gidan abinci. Ni a zatona irin namu ne, rumfa da labule, mata su shige ciki maza su zauna waje. Ina sa ƙafa sai wani sanyi ya buge ni kamar an buɗe randa a fuskata, ga kaji soyayyu jere cikin gilashi, sun yi ja, suna naso. Wata budurwa mai hula ta kai mu tebur guda mai kujeru kewaye, kowa ya ja tasa. Da na ɗaga kai, wa ke gabana daidai? Malam. In na miƙa hannu sai in taɓa hularsa.

Ban tsorata ba, don mun san maganin wannan tun a ƙauye: in wuri ya ƙure, sai ki juya baya ki fuskanci bango. Na ɗauki kujerata na juya ta. Ashe bangon nan madubi ne tun daga ƙasa har sama. Ga ni, ga Malam a bayana yana kallona ta ciki. Na juya hagu, madubi. Wanda ya gina wurin nan ko dai ba shi da suruka, ko kuwa ba ya tsoron Allah.

Anka kawo abinci. Shinkafa soyayya mai launin rawaya, da dankali yankakke siri-siri, a kan kowane faranti an ɗora cinyar kaza wadda ta kusa kai damtsen jinjirin nan. Na haɗiye yawu a hankali don kada maƙogwaro ya tona ni.

"Inna, bisimilla," in ji auta.

"Na ƙoshi."

"Mi kika ci? Ba ki karya ba fa."

"Na ce na ƙoshi. Ku ci, ni kallo ya ishe ni."

Daidai nan cikina ya yi wata ƙara doguwa, irin ta ƙofar rumbu da ta daɗe ba a buɗe ba. Ƙaramar nan ta aje cokali.

"Kaka, wa ke magana cikin hijabinki?"

"Ci abincinki, marar ta-ido."

"Ya ce kaza yake so. Na ji shi."

Auta ta gane inda matsalar take, ta ce wa budurwar ko akwai wani tebur a ɓoye. Babu, ko'ina cike, lokacin Salla ne. Sai ta juya ga mijinta ta ce to shi ya ci mana. Ya tura farantinsa gefe, ya ce shi ma bai jin yunwa, tuƙi ya cika mishi ciki. Auta ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Allah Ya shirye ku ku biyu," ta ja farantinta. Haka munka zauna, ni da shi, kowa ya harɗe hannu, muna kallon yara suna tsotsar ƙashi. Ni a lokacin na ɗauka da gaske ya ƙoshi, har ina jin haushinsa, mutum ga kaza ga dama ya ƙi ci.

Da za mu tashi anka juye nawa da nasa cikin robobi masu murfi, anka sa kowace a leda. Na yi wuf na ce a ba ni ɗaya in riƙe, hannun auta da jinjiri. Malam ya ɗauki ɗayar. Ledar nan na shiga ƙarƙashin hijabina, ɗuminta na taɓa cikina, na san ni da ita ba za mu koma Gummi tare ba.

Wurin shaƙatawar kuwa, gaskiya ciyawarsu ta yi kyau, an aske ta kamar kan ango. A ƙofa anka ɗaura wa kowa wata 'yar takarda a hannu, wai da ita za ka hau duk abin da kake so. Yara sunka ja uwarsu wajen wasu ƙananan motoci masu karo da juna. Malam ya ce zai je ya duba ko ya kulle mota. Na ce ni kuma zan miƙe ƙafa.

Na shiga neman lungu. Wurin nan duk faɗinsa ba shi da lungu ko ɗaya. Na sami benci bayan wata bishiya, ina zama sai ga 'yan mata huɗu sun zo ɗaukar hoto da waya, har ɗaya na cewa, "Kaka, matso ki shiga." In shiga hoto da kaza a hannu, ya yi ta yawo har Zugu? Na tashi. Bayan masallaci maza ke alwala. Gindin katanga mai shara na zaune, yana ganina ya fara gaisuwa ba ƙarewa. Yunwa ta sa idona ya fara ganin abu biyu-biyu.

Sai na ɗaga kai na ga lilon. Wani ƙaton abu ne kamar ƙafar keke a tsaye, an rataya mishi akwatuna irin akurkin kaji, yana ɗaukar mutane ya kai su sama ya sauko da su a hankali. Na ce a raina, can sama ba suruki, ba mai hoto, daga ni sai Allah, Shi kuwa Ya san halin da nake ciki. Mai kula da lilon ya dube ni sama da ƙasa.

"Hajiya, za ki iya kuwa? Da tsawo fa."

"Yaro, na hau rumbu da cikin wata takwas na ɗebo gero. Buɗe mini."

Na ja hijabi na rufe rabin fuska, ban dubi kowa ba, na shige akurkina ni kaɗai. Yana fara tashi na kama ƙarfe ina salati. Amma yunwa ta fi tsoro ƙarfi. Kafin mu kai rabi na ɓalle murfi, na yi bisimilla, na kafa wa cinyar nan haƙoran da sunka rage mini. Jama'a, na ci kaza a duniya, amma ban taɓa cin irin wagga ba.

Muna kaiwa ƙololuwa sai ƙarar injin ta mutu. Lilo ya tsaya cik, wuta ta ɗauke. Akurkina ya tsaya gefe guda na ƙololuwar, wanda ke gabana ya tsaya ɗaya gefen, sun yi daidai da juna kamar kwanon ma'auni. Na waiga in ga wane mai tsautsayi ne maƙwabcina.

Malam ne. Ya cire hula ya aje a cinya, roba buɗe a gabansa, hannunsa biyu riƙe da cinyar kaza, rabinta cikin bakinsa. Ni ma tawa na cikin nawa. Ashe mutumin nan ba ƙoshi ya yi ba, kunyata yake ji kamar yadda nake jin tasa, kuma duk faɗin Sakkwato dabarar da ta zo mini ita ta zo mishi.

Ban san tsawon lokacin da munka yi a haka ba. Shi ya fara dawowa hayyacinsa. Ya juya mini baya a hankali, ya fuskanci gabas. Ni ma na juya na fuskanci yamma. Shekara goma sha ɗaya, na ce a raina, ga su nan sun tafi a kan kaza guda. Sai na ji ya yi gyaran murya.

"Inna, barka da hutawa."

"Barka kadai, Malam. Ya gajiyar tuƙi?"

"Ba gajiya. Garin nan daga sama yana da kyau. Tun da na hau shi nake kallo, ban dubi ko'ina ba."

"Ni ma hakanan. Idona ma ba ya gani nesa yanzu."

"Allah Ya ƙara lafiya."

"Amin."

Can na ji ƙas, ƙashi ya fashe a bayana. Na ce to, tunda haka ne. Na koma kan aikina, na bi da shinkafar da hannu, don cokalin robar da sunka sa ba na mutane ba ne. Garin sauri shinkafa ta sarƙe ni, ga yaji, na kama tari har hawaye. Ina cikin haka na ji abu na ƙwanƙwasa ƙarfen akurkina. Gorar ruwa ce. Malam ya miƙo ta ta baya, hannunsa a murɗe, fuskarsa na gabas ba ta motsa ba. Na miƙa nawa ta baya na karɓa.

"Wani ya manta ruwa a nan," ya ce wa iska.

"Allah Ya yi wa mai mantuwar albarka," na ce wa tawa iskar.

Anka tada janareta, lilo ya sauko da mu. Shi ya fara fita, ya maida hula, ya tsaya nesa yana duban sama. Na fito na gyara hijabi. Auta na tsaye da yara, ta rungume jinjiri, bakinta na rawa don dariyar da take dannewa. Ƙaramar ce ta tare ni.

"Kaka, ƙashi biyu sun faɗo daga sama. Ɗaya ta nan, ɗaya ta can."

"Shaho ne. Birni cike yake da shaho."

"Shahon ya shafa miki mai a haɓa. Baba ma ya shafa mishi."

Auta ta kasa riƙewa, ta zauna kan ciyawa tana dariya har jinjiri ya farka. Ta ce, "Malam, don Allah gaya mini gaskiya, mi ka gani can sama?" Gabana ya faɗi, don malami ne, ba a san shi da ƙarya ba, kuma abin da ya faɗa nan shi za a ji a Gummi gobe. Ya goge baki da bayan hannu, ya dubi ƙasa.

"Na ga rufin gidaje da hasumiyar masallaci. In kina son labarin wani abu, sai ki hau ki gani da idonki."

Ya wuce gaba wajen mota. A hanyar dawowa ban yi amai ba ko sau ɗaya, barci na yi har Gummi.

Matan unguwa sun tambaye ni yadda na yi da abinci a tafiyar, na ce su tambayi Malam ko ya ga wani abu. Sun tambaye shi, ya ba su labarin rufin gidaje. Yanzu shekara goma sha huɗu ke nan da aurensu, kuma ban fasa gaya wa matan unguwa cewa bai taɓa ganin haɓata na motsi da abinci ba. Abin da ya canza guda ne: duk ranar da anka yanka kaza a gidansa, sai ƙaramar nan ta shigo mini da kwano a rufe, cinya guda a ciki, da gorar ruwa a ɗaya hannun. Ta dire su gabana ta ce, "Kaka, in ji shaho."