Bindigar da Na Mayar da Hannuna

Lokacin da abin ya faru na haura shekara sittin, kuma a unguwarmu ta Highbridge ni ake kira idan miji da mata sun saɓa. Na zauna a Kumasi da Abidjan da Jidda kafin New York, ina jin harsuna biyar, har na ɗauka babu rikicin gidan da ban san maganinsa ba.

Wata rana bayan la'asar 'yar aminina ta zo wurina, kuncinta a kumbure. Mijinta mai gadi ne, yana da lasisin riƙe bindiga. Ta ce yanzu da sun fara gardama sai ya ɗauko ta ya ajiye a kan teburin cin abinci. Ba ya nuna ta da ita, ajiyewa kawai yake yi. Ta roƙe ni in raka ta kotu in yi mata tafinta, domin an gaya mata idan alƙali ya ba da takardar kariya, dole mijin ya miƙa bindigar ga hukuma. Na ce mata aikinsa zai tafi, kuma mu ba ma kai sirrin gida gaban baƙi.

Sai na yi abin da na ga dattawan zango suna yi a Kumasi: babba ya karɓe wuƙa ya ajiye har zuciya ta huce. Na kira mijin, ya durƙusa yana kuka, ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya miƙo mini bindigar. Sati uku tana naɗe cikin tsohon rawanina. Ranar sulhu, bayan an yi addu'a an ci tuwo, na mayar masa a gaban kowa don a ga an yarda da shi. Matar kuwa hannuna kawai ta bi da kallo.

Ba a yi wata biyu ba ya harbe ta a ƙofar kicin. Ta rayu, amma ba za ta ƙara takawa ba. Shi yana kurkuku. Idan na je gaishe ta, daga kan kekenta na guragu take tambayata ciwon gwiwata, cikin ladabi. Da zagina take yi da na fi samun sauƙi.

Dattawa 'yan'uwana, idan mace ta ce tana tsoro, ku raka ta inda doka za ta karɓe makamin, kada ku riƙe shi da kanku. Sai dai ban ga alamar za a ji ba. Kwanan nan aka kira ni sulhu a wani gida, na ce a fara zuwa kotu. Suka yi mini godiya, suka kira wani dattijon.